Kofin da Ya Kwana a Gidanmu

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku na kwana biyar. Ba ciwo na yi ba, wayata ma lafiyarta lau. Kofi ne ya hana ni rubutu. Ɗan kofin itace, wanda tafin hannu ɗaya zai rufe shi ruf, shi ya sa na zuba gishiri sau biyu a shayi, na fita kiwo da takalmi ƙafa daban-daban, har Ama ta dafa goshina ta ce ko wani abu ne ya shafe ni a bakin rafi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Lhaden, shekarata ashirin da shida, ni kaɗai iyayena suka haifa. Gidanmu yana gefen kwarin Phobjikha, ni da Ama da Apa, wato uwata da ubana, da kakata Angay. Aikina raka baƙi yawo a ƙafa, daga gindin gidan ibada na Gangtey, mazaunin Lama, babban malamin addininmu, mu bi ta daji mu sauka har inda gauraki masu baƙin wuya suke kwana a fadama. Shi kuwa Jurmi mutumin gabas ne, ɗan Bumdeling, wanda ake ɗauko wa aikin ƙirga gaurakin tun daga saukarsu har ranar da za su tashi. Hunturun bana ne na biyunsa a nan. Bara gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Bana kuwa, to, kun dai ga halin da nake ciki.

Ranar Lahadi ya zo taya Apa shigar da dankalin iri ɗaki. Da suka gama, Ama ta ce babu inda zai je sai ya ci abinci. Muka zauna kewaye da murhu, ga jar shinkafa, ga dankali da cuku da barkono yana ta tururi. Ni ina can wajen taga, inda nake zama kullum, inda nake jin kowa ba tare da an kula da ni ba.

Angay ta tura doma, abin taunawarmu mai kama da goro, gefen kunci, bakinta jajur, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan gabas, naku gaurakin na Bumdeling guda nawa ne ma?"

"Bara ba su kai ɗari ba, Angay."

"Au, kaji kuke kiwo ashe."

"Namu kaɗan ne, amma sun fi naku ladabi. Ba sa kuka tun mutum bai farka ba."

"Yunwa ce ta hana su," in ji Angay. Apa ya ƙware da dariya, sai da Ama ta bubbuga masa baya.

Da aka zo zuba shayi, Jurmi ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ya ciro kofinsa, yadda yake yi ko'ina. Na san kofin nan kamar yadda na san fuskarsa. Itacen yana da zane kamar idanun tsuntsu, bakinsa ya yi santsi don tsufa, kuma mahaifinsa ne ya sassaƙa shi kafin ya rasu. Na taɓa ganin Jurmi ya manta hula a dutse, ya manta abincin ranarsa a mota, amma kofin nan ko da yaushe sai ya goge shi da yatsa, ya mayar ƙirji, ya ɗan dafa wurin sau ɗaya.

Ranar ya sha, ya goge shi da yatsa, ya ajiye a ƙasa kusa da murhu. Ya miƙe, ya yi godiya, ya sauka tsani ya tafi.

Na gani. Bakina ya buɗe zan kira shi, sai na ji Angay ta matse mini yatsan ƙafa da nata. Ba ta ko kalle ni ba. Sai da muka ji ƙofar shinge ta rufe, sannan ta lallaɓa ta ɗauki kofin, ta ɗora shi a kan kantar kofuna, tsakanin na Apa da nawa.

Jama'a, a gidanmu kofin baƙo ba ya kwana. Baƙo da abinsa yake zuwa, da abinsa yake tafiya. Wanda ke kan kantar na 'yan gida ne. Haka na Apa ya hau, shekara talatin da suka wuce, ranar da ya zo taya su girbi.

"Ni da gaske mantawa na yi," in ji Apa, yana kallon kantar kamar mai kallon kabari. "Washegari na dawo ɗauka, na tarar an ajiye mini garma a bakin ƙofa."

"Shekara talatin ba ka samu ranar ɗauka ba?" in ji Ama.

"Kullum da aiki."

Ni dai na shige ɗaki na cusa fuska a bargo na yi ihu ba sauti.

Litinin da safe saƙonsa ya shigo. Kun san sai da na kai sha tara na shiga ajin manya, har yau da yatsa nake bin layi, don haka kowane saƙon Jurmi sau uku nake karanta shi, ko ina so ko ba na so.

"Yau 187. Akwai iyali ɗaya da 'ya'ya biyu."

Na jira. Ba maganar kofi. Na rubuta "Ka manta", na goge. Na rubuta "Angay ta", na goge. Daga ƙarshe na aika: "Madalla."

Can sai ga wani: "Sanyi ya ƙaru. Ki sa safa biyu."

Safa biyu! Na wuni ina juya maganar nan. Mutumin da ya manta kofi zai ce ki sa safa biyu? Mutumin da ya bar kofi da gangan fa, ba sai ya ce wani abu da ya fi safa ba? Na tambayi saniyarmu, ta ci gaba da tuƙa.

Kafin rana ta raba, magana ta fita. Angay ba ta karatu, amma babu wanda ya kai ta aika saƙon murya. Tana riƙe waya a gaban baki kamar za ta gatsa, ta faɗa wa guruf ɗin dangi kaf. Ƙanwar Ama da ke Thimphu ta aiko murya tana haki: "Wai kofi ya kwana? Na wa? Yana da tsayi? Ku ɗauko mini hoton kofin!" Aka ɗauka aka aika. Wata ta ce itacen mai tsada ne, daga gani gidan mutunci. Wani kawu ya ce a bincika tukuna, mutanen gabas wayo gare su. Ni ba wanda ya tambaye ni komai.

Talata: "Yau 203." Shi ke nan. Ko safa babu.

Da yamma Ama ta kira ni wajen turken shanu, inda Angay ba za ta ji ba. Tana tatsa tana magana, ba ta ɗago ba.

"Ni ba na ƙin yaron. Yana cin barkono kamar mutum, bayansa yana ɗaukar buhu. Amma uwarsa ita kaɗai ce a can, kuma shi kaɗai ta haifa. Kin yi wannan tunanin?"

Na yi. Shi ne abin da nake yi tun Lahadi, duk lokacin da murna ta ɗan sake ni.

"Gidan nan na Angay ne, ya zama nawa, zai zama naki. Ba a naɗe gonar dankali a kai ta Bumdeling. In zai shigo, ya shigo da ƙafa biyu. In kuwa zai bi gauraki ya tafi idan sanyi ya wuce, a mayar masa da abinsa tun ba a fara ce masa surukina a kasuwa ba."

"Ama, ai bai ce komai ba."

"Ke kin ce? Ku biyu kun haɗu, kamar duwatsun murhu." Ta matse nono, madara ta yi tsiri a bokiti. "Mai duba ya ba mu Alhamis, ƙarfe bakwai mota za ta zo. Gobe da yamma nake rufe akwatin kofuna. Ba na sauka da kofin da ban san matsayinsa ba."

Duk shekara haka ne, in sanyi ya kama sai su sauka gidanmu na ƙasa wajen Wangdue, ni in tsaya har baƙi su ɗauke ƙafa sannan in bi su. Kofunan gida kuwa tare suke sauka a akwati ɗaya, har nawa. Wato zuwa yammacin Laraba, ko dai kofin Jurmi ya shiga akwati, ko ya koma ƙirjin mai shi.

Laraba da asuba ina da baƙi biyu, wata tsohuwa da mijinta daga Japan, suna so su ga gauraki kafin su tashi kiwo. Na san a daidai lokacin Jurmi yana rumfar ƙirga. Na ɗauko kirata ta aiki, wato zanen da matanmu ke naɗawa, mai launin ƙasa, ina cikin naɗawa sai ga Angay da fitila a hannu da ƙunshi a hammata.

"Cire wannan."

"Angay, fadama za ni."

"Ba a zuwa tambayar miji da kayan kwasar taki. Cire."

Ta warware ƙunshin. Kirarta ce ta biki, saƙar hannu, ja da ruwan zinariya, wadda sau ɗaya take fitowa a shekara. Ta naɗa mini da kanta, ta maƙale kafaɗu da maƙalan azurfa masu shuɗin dutse, ta ɗaure ɗamara har numfashina ya koma rabi. Ta ɗora mini 'yar rigar sama ta siliki mai launin hoda, ta naɗe bakin hannun ya fito kore. Ta rataya mini murjani. Ni da kullum nake roƙon baƙi kada su sa kaya masu haske kusa da tsuntsaye, ga ni kamar an kunna wuta a gona. A ƙafa kuwa takalmin roba ne har gwiwa, da safa biyu.

Ta naɗe kofin a farin ƙyalle ta cusa mini a ƙirji.

"Ki tambaye shi da baki, kin ji? Ba da ido ba. Ubanki da ido aka tambaye shi, shi ya sa har yau yake musu."

Mai rakiyar baƙin daga Thimphu ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba, zai jira mu da mota a ƙasa. Tsohuwar ta ga kayana ta tafa hannu a hankali, ta ɗauka don su na yi ado. Na bar ta a haka.

Muka kama hanya gari bai gama wayewa ba. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, kowane taku sai ka ji ƙaras. Na san hanyar nan ko ido rufe: gangaren farko mai santsi, gidajen da hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin rufinsu, karen nan mai kunne ɗaya da ke raka mu har gada ya juya. Daga nan daji, dogayen itatuwa da gansakuka ke lilo a rassansu kamar gemun tsofaffi. Ba na yawan magana da baƙi. Turancina kaɗan ne, kuma na lura in ka yi shiru mutane sun fi gani. Tsohon yana tafe yana tsayawa, ya duƙa ya kalli ganye ɗaya da ƙanƙara ta yi wa baki, matar ta jira shi, ba ta ce ya yi sauri ba. Ni ma na jira, zuciyata kuwa tana can gaba ta riga mu isa.

Da muka fito daga daji zuwa cikin gajeriyar gora, na ɗaga hannu muka tsaya. Na nuna kunnena. Daga cikin hazo, can ƙasa, ɗaya ya kira, wani ya amsa, sai fadama gaba ɗaya ta ɗauka. Tsohuwar ta kama hannun mijinta. Shekara nawa ina jin kukan nan, amma ranar sai da ya shiga mini har ciki, daidai inda kofin yake zungurina.

Rumfar ƙirga ta katako ce, doguwar taga siririya a gabanta. Jurmi yana ciki, ido ɗaya a madubin hange, ɗan abin dannawa na ƙirga a hannun dama. Kowa ya san dokarsa: in yana ƙirga ba a yi masa magana, don dole ya gama kafin rana ta taɓa fadama su watse gonaki. Bai juyo ba. Na zaunar da baƙi a ɗaya gefen, na ba su nawa madubin. Ga su nan tsaye cikin ruwa, wasu da ƙafa ɗaya, farare da baƙin wuya, jan tabon nan a ka. Biyu sun fara tsalle suna buɗe fiffike suna rusuna wa juna.

Na matsa kusa da shi. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Na haɗa maganar a baki tun daga gida: mantawa ka yi ko bari ka yi? Kalma bakwai. Ƙyas. Ƙyas. Na ce bari in ajiye kofin tukuna, in ya gani maganar za ta zo da kanta.

Na warware ƙyallen, na ajiye kofin a bakin taga, kusa da hannunsa.

Dannawa ta tsaya.

Ya ɗago daga madubin. Ya kalli kofin. Ya kalle ni, tun daga murjani har takalmin roba. Na ga fuskarsa ta canza a hankali, kamar an janye itace daga wuta. Ya ajiye abin ƙirgar, ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya ɗan rusuna mini, irin rusunawar da ake yi wa ma'aikacin gwamnati.

"Na gode," ya faɗa da raɗa. "Ki yi wa Ama da Angay godiya. Na fahimta."

Ya fahimci me? Sai da na ga ya buɗe ƙirjin rigarsa zai mayar, sannan abin ya faɗo mini: ya ɗauka korarsa aka yi. Ya ɗauka har ado na ci don in kawo masa a'a cikin mutunci!

Ban san lokacin da na cafke kofin ba.

"Sake," na ce.

"Ke kika kawo."

"Ban kawo maka ba."

"To wa kika kawo wa, gauraki?"

"Tambaya aka aiko ni!"

"Yi a hankali, za su tashi."

"Kai ka yi a hankali. Sake mini."

"Kofina ne fa, Lhaden."

Duk wannan da raɗa, shi yana ja ina ja, yatsunsa sanyi ƙalau a kan nawa. Na tattaro duk abin da ya rage mini na numfashi a ƙarƙashin ɗamarar Angay.

"Mantawa ka yi ko bari ka yi?"

Ya daina ja, amma bai saki ba.

"Kin taɓa ganin na manta shi?"

"Ka manta hula."

"Hula ubana ne ya sassaƙa ta? Kwana uku ina shan shayi a murfin filas. Kwana uku ina bi ta bayan gidanku ina jira a jefo mini shi ta taga. Da ba a jefo ba na fara murna, jiya har waƙa na yi, abokin aikina ya ce in je asibiti. Yau kuma sai ga ki da shi a farin ƙyalle kamar gawa."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na ce ki sa safa biyu."

Nan ne dariya ta ƙwace mini. Ba 'yar ƙarama ba, irin ta Apa, mai fita ta hanci. Na toshe baki na ja da baya, ɗamara ta harɗe ni, na fice ta ƙofar rumfa na tsaya a fili, ja da hoda da kore, daidai lokacin da rana ta leƙo ta kan dutse ta haske ni.

Gauraka ɗaya ya miƙe wuya ya yi kuka. Sai fadama ta tashi. Ban taɓa ganinsu sun tashi gaba ɗaya daga kusa haka ba, fiffike ko'ina, ruwa yana zuba daga ƙafafunsu, kuka kamar ana busa ƙaho ɗari. Suka bi ta kanmu ƙasa-ƙasa har na ji iskar a fuska. Tsohon ya cire hula. Tsohuwar kuwa, da na waiga, ba tsuntsaye take ɗauka ba, ni da Jurmi take ɗauka, tana dariya har da hawaye.

Kunya ta kama ni, don ni ce mai hana mutane yin abin da na yi. Jurmi ya fito ya tsaya gefena yana kallon sama.

"Na kai ɗari da casa'in da wani abu. Ƙirgar yau ta tafi."

"Yi haƙuri."

"Me zan rubuta a takarda? Wata dabba mai launi uku ta shigo fadama?"

"Rubuta kare."

"Kare da murjani." Ya miƙo mini kofin, wannan karon da hannu ɗaya, ba rusunawa. "Mayar da shi inda kika ɗauko. In Angay ta yarda, a ɗan matsar da shi kusa da naki."

Na karɓa. Ina so in yi tsalle kamar waɗancan biyun na cikin ruwa, amma sai maganar Ama ta faɗo mini.

"Mahaifiyarka fa, Jurmi? Ama ta ce in za ka shigo, da ƙafa biyu."

Murmushin ya ɗan ragu. "Na faɗa mata tun ranar Lahadi, kafin ma in zo gidanku. Na ce na ga inda zan zauna."

"Me ta ce?"

"Ta ce to. Ta kashe waya. Tun ranar in na kira ba ta shiga." Ya shafa ƙeya. "Zan je in lallashe ta in aiki ya yi sauƙi. Amma na riga na yanke, Lhaden. Da biyu zan shigo."

Yadda na kai baƙin nan mota, ban sani ba. Na dai tuna tsohuwar ta nuna mini hoton, ta nuna mijinta, ta ɗaga yatsu huɗu sannan biyar, wato shekara arba'in da biyar suna tare, ta rungume ni.

Na hau tsanin gidanmu bibbiyu. Su ukun suna zaune cikin kaya, an ɗaure barguna, an sauke barkono daga rufi, akwatin kofuna a buɗe a gaban Ama. Na ajiye kofin a gabanta.

"Ya ce ba mantuwa ba ce."

"Da bakinsa?" in ji Angay.

"Da bakinsa."

"Da ƙafa nawa?" in ji Ama.

"Biyu."

Apa ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. "Wayyo, yaro mai hankali." Amma na ga yana share ido da bakin hannun riga. Angay tuni ta kai waya baki: "Ku saurara duka, har ke ta Thimphu..." Ama ta miƙo hannu. Ta ɗauki kofin ta juya shi a haske, ta naɗe shi da ƙyallen da take naɗe namu, ta sa shi a akwati. Ni kuwa na fita bayan gida na yi rawa ni kaɗai a gaban tarin itace, da kirar biki da takalmin roba. Ba wanda ya gan ni sai saniya.

Da a nan ranar ta ƙare, da tun jiya kun samu wannan rubutun.

Wajen ƙarfe huɗu, ina share ɗaki, na ji motar dankali ta tsaya a bakin hanya ta wuce. Jim kaɗan sai ga takun mutum a tsani, a hankali, mataki ɗaya-ɗaya. Wata 'yar ƙaramar mata ta leƙo, gashinta fari an yanke shi gajere, kirarta irin saƙar gabas duk ƙurar hanya, jaka a kafaɗa. Ta gaishe da Angay, ta gaishe da Ama, da harshen da ya karye irin na Jurmi. Ta dube ni ta daɗe.

"Ke ce Lhaden. Ya ce ba ki da surutu. Sunana Tshomo, ni na haifi mai ƙirga tsuntsayen nan."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Ama ta yi maza ta shimfiɗa mata darduma a wajen manya. Aka ɗora shayi. Ta ƙi sau biyu yadda ya kamata, a na uku ta sa hannu a ƙirji ta ciro kofinta. Iri ɗaya da nasa, itace ɗaya, sai dai ya fi ƙanƙanta. Ta sha a natse. Ta ce kwana uku ta yi a hanya, mota ta lalace musu a kan dutse, waya kuma ta mutu tun a Mongar. Ta yaba shayin. Ta tambayi Apa buhu nawa gonar ke bayarwa, ta gyaɗa kai.

Sannan ta goge kofin da yatsa. Na zuba ido in ga ta mayar ƙirji. Sai ta ciro ƙyalle daga jaka, ta naɗe shi tsaf, ta miƙo wajen akwatin da hannu biyu.

"Na ba da shanuna, na rufe gida, na kai wa maƙwabta makulli. Ɗa ɗaya gare ni. Inda nasa ya shiga, nan nawa zai shiga. Ina saƙa, ina tatsa, ba na minshari."

Angay ta daina tauna. Apa ya soma kallon rufi kamar yau ya fara ganinsa. Murfin akwatin yana hannun Ama, ba ta ajiye ba, ba ta rufe ba. Shekara talatin ita kaɗai ke juya tukunya a murhun nan, ko Angay sai ta nemi izini take ƙara gishiri.

Ama ta juyo ta kalle ni.

"Mai gidan gobe, ga baƙuwarki. Ke za ki faɗa."

Aum Tshomo, yadda muke kiran babbar mace don girmamawa, ta juyo da hannuwanta wajena, kofin yana ciki. A daidai nan wayata ta yi ƙara a kan taga. Na ɗauka don in samu abin yi da hannuna, na bi layin da yatsa. Jurmi ne.

"Lhaden, direban motar dankali ya ce ya sauke wata mata a hanyar gidanku. Don girman Lama ki ce mini ba ita ba ce."

"Shi ne?" in ji Aum Tshomo, ba ta sauke hannu ba. "Ce masa ya biya bakin hanya ya ɗauko mini katifa. Ya yi hankali da kwandon, akwai kyanwa a ciki."